Maigidana Zai Kwashe Mu Zuwa Duwatsun Jos Cikin Wannan Zafin, Na Ƙi, Yanzu Ni Ce Muguwar Gida

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, muna zaune a Kubwa da maigidana da 'ya'yanmu uku: namiji ɗan shekara 10, mace 'yar shekara 6, sai 'yar wata 8 da nake shayarwa. Surukata Hajiya ma tana tare da mu. Maigidana haifaffen Jos ne, sun baro garin bayan rikicin 2001 yana tsakiyar sakandare, kuma kabarin mahaifinsa yana can. Tun da zafin nan ya kankama ya tsiro da maganar in an ba yara hutu a watan Afrilu zai kai mu Duwatsun Shere mu sha iska, mu fita bayan sallar asuba mu dawo a ranar, don babu kuɗin otal. Bai shawarce ni ba, a bakin yara na ji.

Anti, bara war haka ya kai mu wani dutse a bayan gari nan Abuja tare da iyalin abokinsa. Tun ƙarfe 3 na dare na tashi girki, ga ciki wata biyar. Muka isa da rana tsaka, ruwa ya ƙare mana a sama, 'yata ta yi ta amai har jikinta ya saki a hannuna. A gaban mutanen nan ya ce laifina ne da ban ɗebo isasshen ruwa ba. Har yau bai sake tayar da maganar ba, balle ya ba ni haƙuri.

Shi ya sa da na ji wannan, raina ya ɓaci na ce ba zan je ba kuma ba mai kai min yara. A gabansu na faɗa. Ya ce ni kullum aikina kashe masa gwiwa. Hajiya kuma ta ƙwallafa rai sai ta je, alhali shekararta 68, ga hawan jini, ga siga, ga ciwon gwiwa. Da na ce tafiyar za ta yi mata wahala sai ta ce, “Ai na san na zame muku nauyi.” Yau kwana goma ke nan ba abin da ke haɗa ni da shi sai gaisuwa, babban ɗana ma fushi yake da ni. In yi shiru in bi su, ko in tsaya a kan bakata? Ki ɓoye sunana.

Wata uwa, daga Kubwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a na biyun ne na lura cewa Duwatsun Shere ba su ci ko layi uku ba a cikinta, zafin maganar duk yana kan dutsen bara. Nan ƙayar take. Uwar da 'yarta ta taɓa langaɓewa a hannunta a kan dutse, babu ruwa babu inuwa, ba a kiran ta matsoraciya don ta ji an sake ambaton dutse gabanta ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Balle kuma an ɗora miki laifi a gaban baƙi, da ciki a jikinki, bayan kin kwana a gaban murhu. Don haka ki fara cire wa kanki sunan muguwa, bai dace da ke ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, “ba za a je ba” ita ma ba amsa ba ce. Tafiyar nan mai kyau ce. Yadda aka tsara ta ne ba daidai ba, kuma tsari abu ne da ake gyarawa.

Bari mu ba maigidanki gaskiyarsa tukuna. Da ya ce Jos ta fi sanyi, bai yi ƙarya ba. Garin yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200 daga gaɓar teku, Abuja kuwa yawancinta ba ta kai rabin haka ba, kuma ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6. Shi ya sa a Maris da Afrilu, lokacin da ku a Kubwa kuke kwana kuna juyi a kan tayil saboda an ɗauke wuta, mutumin Jos yake jan mayafi kafin asuba. Ga kuma abin da ban jin ya iya faɗa miki da baki, don mazanmu ba su cika iya irin wannan maganar ba: ba iska kaɗai yake nema ba. Yaron da aka ciro daga garinsu cikin tashin hankali, ya bar abokan ƙwallonsa da makarantarsa da kabarin ubansa, yau ɗansa ya kai shekara 10, yana so ya kama hannunsa ya ce ga inda na tashi. Da kika ce ba mai kai miki yara, ba maganar zafin rana ya ji ba, ji ya yi kamar kin ce garinsu bai isa a kai 'ya'yansa ba. Na san ba nufinki ke nan ba, amma haka ta sauka a kunnensa.

Kurensa shi ne yana lissafi da ƙafar ɗan shekara 15 wanda gidansu ke cikin Jos. A wancan lokacin Shere tana bayan gidansu, abin da bai fi kilomita 10 ba ta gabashin gari, ya je da safe ya dawo ya ci abincin rana. Yanzu daga Kubwa zai taso da mutum shida. Mu yi lissafin tare, don shi ne makaminki, ba ɗaga murya ba. Tafiyar ta haura kilomita 250: ku keta cikin Abuja, ku bi Nyanya da Mararaba da Masaka, ku wuce Keffi da Akwanga da Gwantu, ku kai Forest, ku haura Hawan Kibo, sannan Riyom, Mararrabar Jama'a, Bukuru, kafin Jos. Da shingayen jami'an tsaro da ramukan hanya da tsayawar fitsarin yara da canza wa jaririya kunzugu, ki sa awa 5. In Allah Ya taimake ku kun bar gida ƙarfe 6, wanda ni ban taɓa ganin gida mai jaririya ya yi ba, za ku shiga Jos wajen 11, ku isa gindin dutse rana ta take tsaka. A Afrilu rana kan faɗi ne jim kaɗan bayan 6 da rabi, don haka in ba a so dare ya riske ku a hanya, dole ku juyo kafin ƙarfe 2. Wato awa 10 a mota don awa 2 a kan dutse, kuma awa biyun da suka fi kowane lokaci muni a yini. Babu lokacin ziyarar kabari, babu na tsohuwar unguwa, babu komai daga abin da ya sa shi son zuwan. Hangen Dala ke nan, ba shiga birni ba. Sannan mutum ɗaya ne zai yi tuƙin zuwa, ya hau dutse, ya sauko a gajiye, ya kama sitiyari ya gangaro Hawan Kibo, gangaren da duk direba ya san yadda manyan motoci ke shanye birki a kansa. Wannan ya fi tsorata ni a kan zafin.

Shi ma sanyin Jos yana da yaudara da rana. Iska ce ke da sanyi, ba rana ba. A kan tudu hasken rana ya fi ƙuna, falalen dutse kuma yana shan zafi tun hantsi har ya kai yaro ba ya iya dafa shi da tafin hannu. Iskar da ke kaɗawa tana busar da gumi nan take, sai mutum ya ɗauka ba ya zufa, ya ƙi shan ruwa, sai jiri ya kwashe shi. Ni kaina na taɓa hawa can da silifas da gorar ruwa ɗaya, ina taƙama ai Jos ce, na sauko ina ganin mutane bibbiyu. Ƙari a kan haka, Afrilu farkon damina ne a Filato. Hadari kan haɗu da yamma ba sallama, da iska da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Dutsen da ya jiƙe santsi gare shi kamar an shafa sabulu, kuma ƙololuwar dutse ba wurin tsayawa ba ce in ana walƙiya. Masu hawa da suka san abin da suke yi da sassafe suke farawa, kafin azahar sun sauko.

Yanzu Hajiya. Ƙanwata, kin taɓa tambayar ta me take so ta gani a Jos? Na yi imani ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta hau dutse ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba Shere take mafarki ba. Tana so ta ga ƙofar gidan da ta yi aure, ta ga waɗanda suka rage cikin maƙwabtanta, ta yi gaisuwar mutuwar da ta yi ta ji a waya shekara da shekaru ba ta samu zuwa ba. Mai shekara 68 ta san ba kullum za a sake samun mota mai zuwa Jos da gurbinta a ciki ba. Da kika ce zai yi mata wahala, don tausayi kika faɗa, amma daga bakin suruka irin wannan magana sunanta “zauna a gida”. Ki same ta ita kaɗai, bayan la'asar haka, ki zauna ƙasa kusa da ita ki ce, “Hajiya, ki yafe min, maganata ta ranar nan ba ta fito yadda nake nufi ba. Ni so nake in an je ki samu lokacin ganin mutanenki a natse, ba a yi ta gaggawa da ke ba. Su wa da wa kike so mu gaisar?” Ki bar ta ta lissafo. In ta fara kiran sunaye, kin samu abokiyar tafiya, don ita da kanta za ta gane yini ɗaya ba zai ishe ta ba, kuma in ita ta ce wa ɗanta a kwana, an gama.

Maganar lafiyarta kuwa kada ta sake fitowa daga bakinki. Ki sa shi ya kai ta asibitin da take zuwa kafin tafiyar, a auna jini da siga, likita ya faɗi abin da za a kiyaye. Akwai dalilin haka. Mai shan maganin siga in ya jinkirta cin abinci ko ya yi wahalar da bai saba ba, sigan na iya faɗuwa, ya kama rawar jiki da gumi da ruɗewa, don haka dabino ko alewa su kasance a jakarta ita kanta, ba a but ba. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, su ƙara saurin bushewar jiki a zafi, amma ba a dakatar da su sai da izinin likita. In allurar insulin take yi, ba a barin ta cikin mota a rana, a sa a kula mai sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙara kai-tsaye ba. Sannan ki sa ido a kan wata ɗabi'a ta iyayenmu mata: in za su yi doguwar tafiya sai su ƙi shan ruwa tun daga gida don kunyar cewa a tsaya. Ke ki riƙa cewa a tsaya duk bayan awa 2, ki fake da jaririya, Hajiya ta samu ta kewaya ta miƙe ƙafa ba tare da ta roƙa ba.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a mai da tafiyar ta kwana ɗaya. Ya ce babu kuɗin otal, to wa ya ce sai otal? Mutumin da aka haifa a Jos, uwarsa ta yi zaman aure a can, a ce ba shi da gida ɗaya da za a shimfiɗa musu katifa na dare guda? Da wuya. Wataƙila nauyin roƙo yake ji, Hajiya kuwa kiran waya ɗaya zai ishe ta. Ku tafi ranar Asabar da safe ba tare da tsere ba, ku isa ku yi azahar, ku ci abinci, ku huta. Da la'asar a kai Hajiya unguwa ke da jaririya kuna tare da ita, shi kuma ya ɗauki ɗansa su je maƙabarta. In da sauran lokaci, Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952 yana tsakiyar gari, da gidan zu a gefensa, ga kuma filin da aka gina kwatancin gine-ginen gargajiya irin su ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, abin da zai ƙayatar da Hajiya da yara gaba ɗaya ba tare da an hau komai ba. Ranar Lahadi ana idar da asuba uban ya ɗauki manyan biyu su nufi Shere, su fara hawa kafin 7, su sauko kafin 10. Ba sai sun kai ƙololuwa ba, 'yar shekara 6 ba ta da wannan ƙafar, kuma daga tudun farko ma ana hango gari shimfiɗe. A nan wurin akwai cibiyar gwamnati ta horar da matasa, wadda aka fi sani da Man O' War, ya tuntuɓe su ko ya nemi ɗan rakiya daga mutanen yankin, Afizere waɗanda mu muke kira Jarawa, don su suka san hanya mai sauƙi da inda ba a so baƙo ya taka. Ke da Hajiya da jaririya ko ku zauna a masauki, ko ku bi su ku shimfiɗa tabarma a inuwa a ƙasa. Kada a hau dutse da goyo, ko wa ya ce zai riƙe miki hannu. Da sun dawo shi ya yi wanka ya ɗan runtsa, ku biya Farin Gada ku sayi dankalin turawa da karas da kabeji na tsaraba, ƙarfe 1 ta yi muku a hanya.

In kwanan ya gagara ko ta halin ƙaƙa, to a ɗage Jos zuwa ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, zafi ya sauka, a kuma tara kuɗin a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Amma kada a bar hutun nan ya wuce fayau, don alkawarin da aka yi wa yaro bashi ne. Ku a Kubwa duwatsu ne suka kewaye ku. Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100 yana nan gaban Zuba kaɗan, ga tuddan Ushafa da madatsar ruwa ta Usuma a hanyar Bwari. Fita bayan asuba, karin kumallo a gindin dutse, dawowa kafin 10, ba wanda zai galabaita. Sai dai a tambayi halin tsaro, don gefen Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane, kada a kutsa inda babu jama'a. Haka ma Jos ɗin, ana jibi tafiya ya kira mutanen can ya ji lafiyar gari da ta hanya, musamman wajen Riyom. In suka ce a dakata, a dakata, ba gardama.

To yaya za ki shigar da duk wannan ga mutumin da kwana goma gaisuwa kawai ke haɗa ku? Da farko ki ɗauki naki laifin, don kina da shi. Shi ya yi kuskuren yi wa yara albishir kafin ya shawarce ki, ke kuma kika rama da soke maganarsa a gabansu. Uba ba ya manta ranar da aka nuna wa 'ya'yansa cewa maganarsa ba ta wucewa. Ki bari yara su yi barci, ya ci abinci, ba ranar da ya dawo daga cunkoson hanya a jigace ba. Ki ce, “Abban yara, na yi kuskure da na yi maka musu a gabansu, ka yi haƙuri. Ina so su ga garinku, ni ma ina so in gani. Abin da ya sa na firgita shi ne abin da ya faru bara, har yanzu in na tuna yadda jikin yarinyar nan ya saki sai gabana ya faɗi, kuma maganar da ka faɗa min a gaban mutane ba ta bar raina ba.” Daga nan ki yi shiru. Kada ki ƙara da “kullum haka kake” ko “ba ka taɓa”, waɗannan kalmomi su ke mai da hira shari'a. Mai yiwuwa ya ba ki haƙuri. Mai yiwuwa kuma ya yi gyaran murya kawai ya ce ai ya wuce. Ina zaton shi ma ya tsorata a ranar, kuma ya san shi ya kai ku da rana tsaka, kunya ce ta sa ya jefa miki. Wannan ba uzuri ba ne, bai kyauta ba, amma kada ki ce sai ya furta kalmar kafin ki ci gaba. In ya zauna ya saurari lissafin awoyin nan ya canza tsari, wani irin ban haƙuri ne shi ma, ki karɓa. Lissafin kuma ki bar shi ya yi da bakinsa: ki tambaye shi ƙarfe nawa yake ganin za ku isa, ƙarfe nawa za ku juyo, yaushe za a kai Hajiya unguwa. Direba ne, kafin ya gama ba ki amsa ya gano da kansa.

Akwai sharaɗi ɗaya da nake so ki kafe a kai, da murmushi amma ba ja da baya: ba za ki sake kwana a kicin ba. Ruwa da mota da magunguna a wuyansa suke, ya ji wannan tun yanzu. Jakar fiya wata tana da leda 20, wato lita 10, ku ɗauki biyu, a saka rabi a firiza su daskare. In za su hau dutse kowa ya goya nasa, kuma ƙa'idar ita ce in ruwa ya kai rabi a juyo, ko an kai inda ake so ko ba a kai ba. Ya kai motar wurin bakanike a duba birki da taya da safaya da ruwan lagireto, a gangaren Hawan Kibo kuma ya sa ƙaramar giya maimakon ya kwanta a kan birki. In zai samu ƙaninsa ko wani amintacce da za su karɓi juna a tuƙi, ko da za a ari Sienna don a samu wuri, ya fi. Abinci kuwa ki sauƙaƙa wa kanki. Shinkafa da miya da aka zuba a kula tun dare, ko haɗin salak mai kirim, su ne ke juyewa a zafin but su ɓata wa yara ciki. Kunun aya ma ba ya jure zafi, kafin azahar ya yi tsami. Burodi, dambun nama ko soyayyar kaza, cincin, gyaɗa, dabino, ayaba, lemo, kankana da kokwamba sun wadatar a hanya, zoɓo kuma a daskarar da shi. In kun isa Jos ai ba daji kuka je ba, akwai masa da gwate da gasasshen nama. Ke mai shayarwa ki fi kowa shan ruwa, jaririya kuma a ƙara mata yawan nono, da ɗan kurɓin ruwa tunda ta wuce wata 6. Kuma ko na minti biyar ne, kada a bar ta ko wani yaro a cikin mota a rufe.

Saboda abin da kika gani bara, bari in ba ki abin da zai sa ki daina jin ba ki da dabara. In yaro ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ya yi laushi yana ta zufa, ko tsokar ƙafarsa ta ɗaure, zafi ne ya fara cin sa. A kai shi inuwa, a kwantar, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa ana fifita, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Ki sayi na ƙunshi a kyamis ki riƙe, in babu ki haɗa da kanki: fiya wata biyu, wato lita 1, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. In kuwa ya fara sambatu, bai gane mutane, jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma ko ya kama jijjiga, wannan ba na jira ba ne. A yi ta kwara masa ruwa a jiki ana tafiya asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, ɓangaren garin da ke kusa da Shere, ya san hanyar tun kafin su hau. Ki gaya masa waɗannan alamomi shi ma, don shi zai kasance da su a sama.

Wani abu da baƙi ba su cika sani ba: Filato cike take da tafkunan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Ruwansu kwance luf, gwanin sha'awa a ido, amma ramuka ne masu zurfi da gaɓa mai zamewa, sun ci yara da manya. Yaron da ya sha zafi in ya ga ruwa ba ya shawara. Ƙa'ida ɗaya ce, ba mai shiga, ba mai zuwa baki. Haka magangarar ruwa ta Assop da ke gefen hanya kafin a haura Hawan Kibo, in kun tsaya kallo, hannun kowane yaro ya kasance cikin na babba.

Shi kuma babban ɗanki, ba sai kin yi masa dogon bayani ba. In kun daidaita da uban, ku kira su tare, shi ya sanar da sabon tsarin kina zaune a gefensa, su ga bakinku ɗaya. Ki ba yaron muƙami: shi ne sarkin ruwa, shi zai ƙirga ledoji ya tabbatar ƙanwarsa ta sha duk bayan ɗan lokaci. Ɗan shekara 10 da aka ba aiki ya manta da fushi.

In duk kin yi wannan ya ce shi dai yini ɗaya ko ba komai, to kina da haƙƙin cewa ke da jaririya da 'yar shekara shidan za ku zauna, kuma ki faɗa cikin lumana, ba da sigar yaji ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko wannan abokin da aka yi abin bara a gabansa, ya yi masa maganar tuƙin dare da ta Hajiya. Yin shiru ki bi su kina ƙunci kuwa ban ba ki shawararsa ba ko kaɗan, don duk abin da ya faru a hanya, ko taya ce ta yi faci, zai dawo sabon faɗa. Amma ban jin za a kai nan. Mutumin da yake ɗokin nuna wa iyalinsa garinsu, in aka ce masa ga yadda zai samu yini biyu a maimakon awa biyu, da wuya ya ƙi.

Ki saya wa yaran takalma kambas tun yanzu su riƙa sawa a gida na 'yan kwanaki, sabon takalmi a kan dutse ƙuna yake yi. Ki haɗa da hular rana da kaya marasa nauyi masu haske. Kuma duk da wannan zafin da ya hana ku barci a Kubwa, ki cusa rigar sanyi da safa na jaririya a jaka, da mayafi mai kauri na Hajiya. Ko a Afrilu, asubahin Jos sai da su.